Kina Kano, Muna Ambasatna

Ambasatna, Njamena
Afrilu, 2020

Zuwa ga matata Hidaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya sa kaffara ne. Ina gaida Yaya Mustafa da iyalinsa, da duk wanda ke taya ki jinya. Mu nan lafiya lau, sai zafin da kika sani da kewarki da ba ki sani ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni. Dalili shi ne waya ba ta wadatar da ni. In na kira, ko layin ya katse, ko in ji ɗakin cike da mutane, sai in tambayi jikin Inna in yi sallama. Shi ya sa na ce bari in riƙa rubutawa da hannu, in ɗauki hoton takardar in turo miki. Ko banza kyamarata ta samu abin ɗauka, don tun da aka hana taro ba biki ba suna, na rufe situdiyo. Har Abbas, yaron nan na tsallaken titi da ya ƙwace mini rabin amaren unguwa da sabuwar kyamararsa, shi ma ya ja ƙofa ya kulle.

Kin tafi da niyyar mako biyu, ga shi an rufe filin jirgi, an rufe gadar Ngeli ta kan iyakar Kamaru, ko Kuseri da muke hango fitilunta ba a shiga. An sa dokar hana fita da dare, an rufe lekol, wato makarantun boko, da masallatai. Ba wanda ya san ranar buɗewa. Kada ki sa wa kanki damuwa a kan haka. Allah ne ya so ki kasance kusa da mahaifiyarki a lokacin da ta fi bukatar ki.

Yanzu bari in ba ki labarin gidanki. Abincin da kika bari ya ƙare, kuma mai tuwon bakin titi ta daina fitowa, don haka na shiga kicin da kaina. Na tuƙa esh, tuwon nan namu, ya fito gudaji gudaji, ƙasan tukunya ya ƙone. Muslim ya kai loma ɗaya, ya dube ni ya ce, "Abba, yaushe Ummi za ta dawo?" Ƙaurin ne ya kai gidan Hajja Hafsa maƙwabciyarmu. Ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Junaidu, gidan kake son ƙonawa ko tukunyar?" Tun daga ranar take tsayawa daga can, ni ina nan, tana faɗa mini yaushe zan zuba gari, yaushe zan rage wuta. Jiya na yi miyar daraba, ta kuɓewa, yaran suka cinye har da ƙari.

Fiddausi kuwa ita ke koya mini jinyar kanta. Na san 'yata tana da sikila, na sha kai ta asibiti, amma ban san kullum da safe kina duba idanunta da tafin hannunta ba. Ita ta nuna mini. Ta nuna mini gorar da kike cika mata, ta ce dole ta shanye kafin azahar a sake cikawa. Maganinta ba na bari ya wuce lokaci. Kitso ne ya gagare ni, Hajja Hafsa ke yi mata a zaure.

Yaran suna gaishe ki. Ki shafa mini hannun Inna, ki ce ina neman addu'a.

Mijinki,
Junaidu

Ambasatna, Njamena
Yuni, 2020

Hidaya abar ƙaunata,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da barka da Sallah duk da ta wuce. Yaya ƙarfin jikin Inna? Na ji daɗi da kika ce ta fara motsa yatsun hannun da ya shanye. Yaya ke kanki, kina samun barci kuwa? Labarin yawan mace-macen da aka yi a Kano ya iso mu, kuma ban ɓoye miki ba, na yi kwanaki ina jin faɗuwar gaba duk lokacin da wayata ta yi ƙara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya tsare mana ku.

Ban taɓa yin azumi irin na bana ba. Da ina shan ruwa a ƙofar situdiyo da abokai, in wuce masallaci, in dawo yara sun yi barci. Bana a tsakar gida na yi asham, ni ne liman, Fiddausi a baya, Muslim yana yin raka'a biyu ya kwanta a kan tabarma. Ashe yarinyar nan ta fi ni riƙe wasu surori. Sau biyu tana gyara mini karatu, da muka idar ta sunkuyar da kai tana jin kunya, ni kuwa daɗi ya cika ni.

An ɗan sassauta, na buɗe situdiyo da safe, amma kowa da kashne ya rufe hanci da baki, wa zai zo ɗaukar hoto? Ina zaune haka sai aka aiko daga unguwar Ridina cewa Malam Idris yana nema na. Kin san shi, dattijon nan mai ɗinkin hula da ya yi mana addu'a ranar sunan Muslim. Mutumin da bai taɓa yarda a ɗauke shi hoto ba sai na katin ɗan ƙasa. Ɗansa Abdussamad yana Jidda, ya shirya zuwa bana, annoba ta hana. Malam ya ce mini, "Na ji an ce na'urarka tana riƙe magana. Ina da abin da zan faɗa wa yaron nan, kuma ban san ko zan kai buɗe hanya ba."

Na kafa kyamara daga bakin ƙofa, shi yana can ƙuryar rumfa. Na buɗe baki zan ce ya gyara zama, ya dubi nan, ya ɗaga haɓa, kamar yadda nake yi wa angwaye, sai na ga ya riga ya yi nisa cikin tunani. Na fasa. Na bar kyamarar tana ɗauka. Can ya fara. Ya ba da labarin mahaifinsa da ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a garin nan don ya huta ya nemi guzuri, ya yi aure, aka haife su, har ya rasu bai daina cewa baɗi zai tashi ba. Ya ce wa ɗansa, "Kai ka isa inda kakanka bai isa ba. Kada ka ji nauyin cewa ka bar ni. Na yafe maka, ka yafe mini."

Hidaya, kakana ma haka ya zo garin nan, amma ban taɓa zama na tambayi Baba ba har ya rasu. Na dawo gida na tara yara na gaya musu ɗan abin da na sani.

Da na tura wa Abdussamad ya gani, ya kira ni yana ta godiya. Shi ya gaya wa wasu, yanzu kusan kullum ana kira na wani gida: tsohuwar da 'yarta ke Maiduguri, ɗaurin auren da mutum biyar kawai suka halarta amma dangi na Agadas suna son gani. Abin da ake ba ni bai kai na biki ba, amma yana ciyar da mu, kuma ban taɓa dawowa daga aiki da zuciya a cike haka ba.

Ki gaida kowa da kowa. Muslim ya ce in gaya miki haƙorinsa yana motsi.

Naki,
Junaidu

Ambasatna, Njamena
Satumba, 2020

Zuwa ga Hidaya, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Inna da dukan gida. Kafin komai: Fiddausi tana gida, tana cin abinci, yau har ta yi faɗa da Muslim a kan rediyo. Ki karanta wannan layin sau biyu, sannan ki ci gaba.

A waya kin yi fushi da ban kira ki tun farko ba, sai da aka fara ƙara mata jini. Kina da gaskiya. Na ga kina da mara lafiya a hannu, na ce kada in ƙara miki, amma 'yarki ce, kuma ba ni da ikon zaɓar miki abin da za ki sani. Ba zan sake ba. Ga yadda abin ya faru, ba ragi.

Ruwan bana ya yi yawa, unguwanni da dama sun cika, sauro ya yi mana yawa duk da gidan sauro. Zazzaɓi ya kama ta, na ba ta magani, ya sauka. Washegari da safe na duba idanunta kamar yadda ta koya mini, na ga sun yi rawaya, tafin hannunta fari fat. Ta ce ƙafafunta da bayanta suna sara. Ba ta yi kuka ba, sai cije leɓe, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Na miƙa Muslim ga Hajja Hafsa, na goya ta har bakin kwalta saboda mota ba ta shiga layinmu don taɓo.

A asibiti likita ta ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, dole a ƙara mata a ranar. Amma irin nata ba shi a ma'ajiya, don tun da cutar nan ta zo mutane suka daina zuwa ba da jini. Kin san nawa bai dace da nata ba. Na shiga kiran dangi da abokai. Wasu suka ce suna tari, wasu suka ce suna tsoron a gwada su a tsare su, wasu wayarsu a kashe. Ban riƙe kowa a zuciya ba, tsoro ne, ni ma na san shi. 'Yan'uwana biyu suka zo daga unguwar Guji, aka gwada, bai dace ba. La'asar ta yi ina tsaye a baranda, ina jin ta tana kiran sunanki a hankali, ni kuma ba ni da sauran lambar da zan kira.

Sai ga kalando, babur ɗin haya, ya tsaya a bakin ƙofa, wani ya sauko wandonsa duk taɓo. Sai da ya janye kashne na gane Abbas ne. Ya ga situdiyo a rufe, ya tambaya a gida, Hajja Hafsa ta gaya masa. Kin san tsakanina da yaron nan gaisuwa ce kawai, ita ma daga nesa. Ya ce, "Ya Junaidu, an ce jini ake nema. Ban san irin nawa ba, amma ga ni." Aka gwada, ya dace. Da aka ɗaura mata, na zauna ina kallon leɓunanta suna dawowa da launinsu, a nan ne na kira ki.

Na fita in yi masa godiya, na same shi a kan benci yana shan karkanji, wato zoɓo, fuskarsa ta yi fari. Ashe tsoron allura yake yi tun yana yaro. Muka yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu yi a hankali. Daga nan hawaye ya zo mini, ban iya tsayar da shi ba, shi kuma ya kau da kai ya bar ni.

Ki yi masa addu'a a cikin sujadarki, shi da Hajja Hafsa da ta kwana uku tana aiko mana da kunu. Fiddausi ta ce in gaya miki ba ta ji tsoro ba. Ni na ji.

Mijinki mai kewarki,
Junaidu

Ambasatna, Njamena
Oktoba, 2020

Hidaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya Inna ta kwana? Na ji abin da likitanta ya faɗa, kuma na ji muryarki lokacin da kike maimaita mini. Allah ya sa mu dace.

Na karanta saƙonki cewa tunda jirage sun fara tashi za ki taho, saboda Fiddausi. Na yi kwana biyu ina juya maganar. Allah ya sani ba abin da nake so kamar in ji motsinki a tsakar gidan nan. Amma ki zauna. Fiddausi ta warware, ta koma lekol, ina duba ta safe da yamma, na san alamomin, kuma yanzu muna da mutanen da za mu kira. Inna kuwa daga hannunki kawai take karɓar abinci, ke kika faɗa mini. Idan kika taho wani abu ya faru bayanki, za ki ɗauki wannan nauyin har ƙarshen rayuwarki, kuma ba zan so a ce don ni ko don yara ne ba. Na tambayi Fiddausi ra'ayinta, ta ce, "Ummi ta zauna da tata Ummin, ni ina da Abba." Ban sa mata maganar a baki ba.

Malam Idris ya rasu makon jiya, ba cutar nan ba ce, tsufa ne. Abdussamad bai samu zuwa ba. Ya ce kullum bayan sallar asuba yakan kunna maganar mahaifinsa ya saurara.

Ni da Abbas mun haɗa aiki. Shi ya fi ni sanin kwamfuta da haɗa bidiyo, ni na fi shi sanin gidaje da yadda ake shiga wurin dattawa. Da na ɗauka in ya samu, ni na rasa. Yanzu aikin da muke samu tare ya fi wanda kowannenmu ke samu shi kaɗai, kuma ina komawa gida kafin magariba.

Ki kula da kanki, ki ci abinci. Ki gaida Inna ko da ba ta amsa ba.

Naki har kullum,
Junaidu

Ambasatna, Njamena
Fabrairu, 2021

Zuwa ga matata, abokiyar zamana Hidaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Yaya su Yaya Mustafa da sauran 'yan'uwa? Mu ma nan mun yi sadakar arba'in, Hajja Hafsa ta soya ƙosai, aka raba a unguwa. Kin ce a kan cinyarki ta cika, kina karanta mata kalmar shahada. Tun da kika faɗa mini haka nake yi wa Allah godiya da bai bari son raina ya sa na ce ki taho ba.

Rufe garin da aka sake yi a farkon shekara ya jinkirta ki, amma ga shi tikiti ya tabbata. Wannan ce takarda ta ƙarshe in sha Allahu, don haka bari in faɗi abin da na san in kina gabana kunya ba za ta bar ni ba.

Shekarar nan ta ɗauke mana mutane, ta ɗauke mana Inna, ba zan ce mai daɗi ce ba. Amma na fito daga cikinta da abubuwan da ban shiga da su ba. Na san 'ya'yana. Na san Muslim ba ya cin abinci in ransa ya ɓaci, sai an zauna kusa da shi an yi shiru. Na san Fiddausi tana son ta zama likitar yara masu irin ciwonta, kuma ta daɗe tana so, ba wanda ya tambaye ta ne. Na san yawan aikin da kike yi tsakanin asuba da fitowar rana, wanda da nake tashi in tarar an gama. Na gode, Hidaya. Na gode da duk safiyar da ban gani ba.

A sana'a kuma, na daina ɗaukar kaina mai ba da umarni a bayan kyamara. Biki ya fara dawowa kaɗan kaɗan, muna zuwa, amma mun ware ranar Laraba don dattawan Ridina. Muna zama mu saurare su, mu ba iyalansu abin da suka faɗa. Wata tsohuwa ta yi mana waƙar da kakarta ke yi a hanyar gabas, jikokinta ba su taɓa ji ba sai a ranar.

Za ki tarar da canje-canje, gara in faɗa miki tun yanzu. Fiddausi ta kai kafaɗata saura kaɗan. Muslim ba shi da haƙoran gaba, kuma Hausarsa ta cika da Larabci fiye da tawa da kike yi wa dariya, aikinki yana jiran ki. Babbar tukunyarki ta yi baƙi, na goge iya ƙarfina. Na matsar da murhu ƙarƙashin rumfa, in bai yi miki ba a mayar.

Ina da roƙo guda. Kicin naki ne, na mayar miki da shi da hannu biyu. Amma ki bar mini duba Fiddausi da safe, ki kuma bar mini girkin ranar Juma'a. Na san mutanen unguwa za su yi magana, sun riga sun yi sun gaji. Hajja Hafsa ta ce duk wanda ya ƙara cewa wani abu a turo mata shi.

Yaran sun hana ni sakat da shirin tarbarki. Fiddausi ta zaɓi lafayar da za ta ara a cikin akwatinki, wai ta girma. Muslim ya ɓoye miki dabino a ƙarƙashin matashi, tururuwa ta gano, mun sake sayen wani. Abbas ya ce zai kai mu filin jirgi a motar yayansa, kuma zai zo da kyamara ya ɗauki saukowarki. Ya tambaye ni wacce zan riƙe a cikin nawa. Na ce masa ya ɗauka shi kaɗai, ni ranar ba abin da zan riƙe sai jakarki.

Allah ya kawo mana ke lafiya. Ki taho, gida yana jiran ki.

Mijinki,
Junaidu